Kama da wane ba ta wane: Game of Death II da cinikin sunan mamaci



Daren Asabar ɗin da ta wuce, bayan an taso daga kasuwa, wani matashi cikin yaranmu ya zo majalisa da fim a wayarsa, yana murna wai ya samo mana fim ɗin ƙarshe na Bruce Lee, wanda mu muka fi sani da Burusli. Aka jona wayar da talabijin ɗin mai shayi, aka jawo benci. Har dattawan da suka daɗe da barin kallo sai da suka gyara zama, domin sunan ya tuna musu da ƙuruciya, lokacin da ake bin layin tikiti a sinimar Plaza ko El Dorado a Kano. Sunan fim ɗin Game of Death II. Kafin shayi ya huce gardama ta kaure: wasu na rantsuwa shi ne, wasu na cewa wallahi wannan ƙeyar ba tasa ba ce. Mun ga ya dace mu kawo maganar nan, domin abin da ke cikinta ya wuce kallon fim.

Mu fara da lissafi mai sauƙi. Bruce Lee ya mutu ranar 20 ga Yuli, 1973, a Hong Kong, yana da shekara 32. Game of Death II ya fito a 1981. Shekara takwas ke nan mutum yana cikin kabari, amma ga hotonsa a fosta, ga sunansa da manyan haruffa. Finafinan faɗa da ya kammala a matsayin jarumi guda huɗu ne: The Big Boss a 1971, Fist of Fury da The Way of the Dragon a 1972, sai Enter the Dragon a 1973. Akwai na biyar da ya fara ɗauka a 1972 bai ƙarasa ba, labarin jarumi mai hawa wani bene, kowane hawa da gwanin da ke tsaronsa. A nan ne ya sa rigar nan ruwan ɗorawa mai baƙin layi, ya kara da dogon ɗan wasan ƙwallon kwando na Amurka, Kareem Abdul-Jabbar.

A 1978 kamfanin Golden Harvest ya ɗauki kimanin minti 11 na wancan aikin, ya sa darakta Robert Clouse ya gina sabon labari a kai, aka kira shi Game of Death. Sauran fim ɗin wasu ne suka tsaya a madadin marigayin, da ƙaton baƙin gilashi ko gemun ƙarya. Akwai wurin da aka manna hoton fuskarsa a jikin madubi, ɗan wasa ya tsaya a saitinsa. Mafi muni, an saka hoton jana'izarsa ta gaske a cikin labarin, gawarsa a akwati, jama'a na kuka. Duk da haka fim ɗin ya kawo kuɗi, kuma wanda ya ɗanɗana zuma ba ya son sauke ludayi. Sai aka ce a yi na biyu.

Matsalar ita ce ba su samu wani sabon faɗan marigayin da za su sayar ba. Abin da darakta Ng See-yuen ya samu shi ne ragowar Enter the Dragon, wato guntayen da aka yanke aka ajiye: Bruce yana tafiya a lambu, Bruce yana zaune a ɗaki, Bruce yana magana da babban malamin gidan ibada. Aka ɗora musu sabuwar murya da sababbin kalmomin da bai taɓa furtawa ba. Inda guntayen suka ƙare sai a sako wani ɗan Koriya ta Kudu mai suna Kim Tai-chung, a ɗauke shi ta baya, ko daga nesa, ko a cikin duhu. Ba sai ka yi karatun fim za ka gane ɗinkin ba. Launin hoton yana canjawa daga wannan daƙiƙa zuwa waccan, bangon da ke bayan jarumin ba ya dacewa da ɗakin da abokin maganarsa yake tsaye, fuskar da ta kalle ka yanzu ba ita ce ta juya baya ba. Hausawa sun gama magana: kama da wane ba ta wane.

Labarin kuma ga shi a taƙaice. Billy Lo, wanda aka ce Bruce Lee ne, ya samu labarin mutuwar abokinsa Chin Ku, ya tafi Japan jana'iza. Ana cikin hidima sai ga jirgi mai saukar ungulu ya sauko da ƙugiya ya sure akwatin gawar. Billy ya yi tsalle ya maƙale, aka harbo masa wata 'yar kibiya, ya faɗo ya mutu. Fim bai kai rabi ba, jarumin da ka zauna dominsa ya tafi. Daga nan sai ƙanensa Bobby Lo ya fito ɗaukar fansa, kuma wa ke fitowa a matsayin Bobby? Shi dai Kim ɗin nan da ake ta ɓoye mana fuskarsa tun farko. Wato sun kashe Billy ne saboda guntayen sun ƙare musu, ba don labari ya buƙaci haka ba.

Wanda ya kalli na 1978 zai tambaya ina alaƙar. A can Billy Lo ɗan wasan fim ne da ya yi mutuwar ƙarya don ya tsere wa 'yan daba, yana da budurwa mawaƙiya. A nan babu budurwar, babu 'yan dabar, babu ko ambaton abin da ya faru. Suna kawai aka ɗauko aka liƙa masa lamba biyu.

Daga zuwan Bobby fim ya koma wasan yara. Ya sauka gidan wani Bature mai suna Lewis, mai kiwon ɗawisu da zakuna, wanda karin kumallonsa ɗanyen nama ne da jini. Cikin dare zaki ya faɗo wa Bobby ɗaki. Jama'a, zakin nan mutum ne a cikin riga, kowa na gani. Majalisa ta fashe da dariya, wani dattijo ya ce ko tashen azumi yaran unguwarsu sun fi haka iya shiga. Har yanzu ba mu daidaita ba kan ko masu fim ɗin so suke mu yarda zaki ne, ko kuwa maƙiyi ne ya yi shigar zaki. Fim ɗin bai damu ya bayyana ba. Muna kuma jan hankalin iyaye: gab da wannan wurin akwai fitowar wata mace da ba ta dace a kalla da iyali ba, kuma ba ta ƙara wa labarin komai. Sai da mai wayar ya yi sauri ya tura gaba. A ƙarshe Bobby ya gano cewa benen mutuwar a ƙarƙashin ƙasa aka gina shi, kai a ƙasa, kuma Chin Ku bai mutu ba, shi ne uban tafiyar masu safarar miyagun ƙwayoyi.

To amma adalci ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren, domin matasan da suka kare fim ɗin a daren nan suna da hujja. Faɗan da ke ƙarshensa faɗa ne na gaske. Wanda ya tsara shi, Yuen Woo-ping, shi ne daga baya Amurkawa suka ɗauka ya tsara faɗan The Matrix a 1999. Wanda ya fito a Chin Ku, Hwang Jang-lee, shi ne bos ɗin Drunken Master mai ƙafa kamar bulala. Shi kansa Kim, da aka bar shi ya fuskanci kyamara, sai ga mutum mai sauri da lanƙwasa, wanda ba ya buƙatar inuwar kowa. A wannan ɗauki ba daɗin babu yanke-yanken ɓoye gazawa, ana ganin jikin mutum biyu daga kai har ƙafa, ana ganin inda duka ya fito da inda ya sauka. Majalisa ta yi tsit, har mai shayi ya bar tukunya.

Wannan kyawun shi ne ya ƙara mana takaici. Mu da muke zaune a Kudu, da yawanmu kasuwa ce abincinmu, daga Mile 12 da Agege a Legas har Sabo a Ibadan. Mun san algus irin na kwandon tumatir, a jera masu kyau a sama a ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa. Masu wannan fim sun yi abin da ya fi haka ban mamaki. Suna da kaya mai kyau na kansu, amma suka tura shi ƙasan kwando, suka shimfiɗa jabu a sama, saboda ba su yarda kayansu zai sayu da sunansa ba. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Kuma ba rashin sani ba ne. A 1976 wani darakta, Lo Wei, ya yi ƙoƙarin mayar da Jackie Chan sabon Bruce Lee a fim ɗin New Fist of Fury, abin bai karɓu ba. A 1978 Ng See-yuen ɗin nan dai shi ne furodusan da ya bar Jackie ya yi abin da ya iya, faɗa da barkwanci, a Snake in the Eagle's Shadow da Drunken Master, kuma duniya ta shaida abin da ya biyo baya. Mutumin da ya ga amfanin barin yaro ya tsaya da ƙafarsa, shi ne bayan shekara uku ya sa wani yaron ya riƙa juya wa kyamara baya. Ba ƙarancin kuɗi ne ya ɓata Game of Death II ba. Waɗancan finafinan na Jackie ma ba da tulin dukiya aka yi su ba. Kwaɗayin cin ribar sunan da ba naka ba ne ya ɓata shi.

Wa ya yi asara? Na farko mai kallo, wanda ya biya kuɗin Bruce Lee aka ba shi ƙeyar wani. Na biyu marigayin, wanda aka sa wa magana a baki ba da izininsa ba, a fim ɗin da da yana raye da wuya ya yarda a haɗa shi da shi. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, Kim Tai-chung. A 1986 aka sake kiransa a No Retreat, No Surrender, fim ɗin da Jean-Claude Van Damme ya fito a mugu, kuma matsayin da aka ba shi shi ne fatalwar Bruce Lee. Bayan nan ya bar harkar, ya mutu a 2011. A majalisarmu babu mutum ɗaya da ya san sunansa kafin wannan daren, alhali mun daɗe muna tafa wa ƙafarsa. Haka su Bruce Li da Bruce Le da Dragon Lee, waɗanda aka canja wa suna don a ruɗi mai sayen tikiti. Wasunsu gwanaye ne, amma tarihi ya ajiye su a matsayin jabu.

Wani zai ce fim ne fa, nishaɗi ne, mene ne na ɗaga jijiyar wuya a kan abin da aka yi sama da shekara arba'in? Amsarmu ita ce ɗabi'ar ba ta tsufa ba. Duk wanda ya sayi kaset ko faifan fim ɗin Hausa a shekarun baya ya san yadda ake jan labarin da bai wuce awa ɗaya da rabi ba ya zama na ɗaya da na biyu, wani lokaci har na uku da na huɗu, a cika tsakiya da waiwaye da tafiyar mota. Ya san yadda ake sa babban jarumi a tsakiyar fosta, ka kalla ka ga fitowa biyu ya yi. Yau abin ya koma YouTube da finafinai masu dogon zango, inda hoton da ke kan bidiyo yake alƙawarin abin da babu shi a ciki. Ga kuma sabuwar fitina: a 1978 sai an manna hoto a madubi, kowa ya gane, amma yanzu kwamfuta na iya ƙera fuskar mamaci da muryarsa ta sa shi ya faɗi abin da aka ga dama. Idan ba mu koya wa yaranmu tambayar "yaushe aka yi wannan, kuma mai shi yana raye a lokacin?" a kan fim ɗin kareti ba, ranar da aka turo musu muryar wani malami ko shugaba da ya rasu ba za su yi tambayar ba.

Ga matasanmu masu sha'awar harkar fim, kuma muna da su a nan suna ɗaukar gajerun bidiyo da waya, darasin a fili yake. Ƙaramin jari ba abin kunya ba ne. In ba ka da zaki, kada ka rubuta zaki a labarinka. In kana da yaro mai jiki da zuciya, nuna fuskarsa, kira shi da sunansa. Muna da dambe da kokawa, da kirarinsu da kiɗansu da 'yan kallonsu, kuma ɗan damben da ya naɗe hannu ya shiga fili ba ya buƙatar a ce ya yi kama da wani ɗan Hong Kong.

Hukuncinmu a kan Game of Death II shi ne: mai neman Bruce Lee ya koma wa finafinansa huɗu. Mai son ganin faɗa mai kyau ya tsallake zuwa rabin awar ƙarshe, ba tare da yara a kusa ba, kuma ya riƙa tuna cewa Kim Tai-chung da Hwang Jang-lee yake kallo. Yaron da ya kawo mana fim ɗin ba mu ga laifinsa ba, shi ma fosta ce ta yaudare shi. Ya yi alƙawarin Asabar mai zuwa zai zo da The Way of the Dragon, mai shayi kuma ya ce wannan karon sai kowa ya biya kuɗin kofinsa kafin a kunna.

Allah Ya ba mu ikon cin halalinmu da sunanmu, Ya raba mu da algus a kasuwa da wajenta.