Ɗan Kwikwiyo a Dusar Ƙanƙara: Ba Rashin Aikin Yi Ba Ne



Yawancinmu ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara ido da ido ba, sai a talabijin ko a wayar yayyenmu. A nan muke ganin mutanen Kanada da Rasha suna fito da ɗan kwikwiyo ya taka ta karon farko, wani ma har da riga da takalma. Wasu ɗalibai dariya suke yi, suna cewa waɗannan mutane ba su da aikin yi. Mu dai ba mu yarda da haka ba, kuma ga dalilanmu.

Na farko, sanyin can ba irin namu ba ne. Ruwa yana daskarewa a digiri 0, amma a birnin Winifeg na Kanada sanyin watan Janairu yakan kai digiri 20 ƙasa da sifili. Jikin kwikwiyo ƙarami ne, ɗumi yana saurin fita daga gare shi. Shi ya sa mai hankali ba ya barinsa ya daɗe a waje ranar farko, 'yan mintuna kawai. Da ya ga yana karkarwa ko yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, sai ya mayar da shi ɗaki ya goge shi da tawul.

Na biyu, takalman nan ba ado ba ne. A ƙasashen sanyi ana watsa gishiri a kan titi domin ƙanƙara ta narke. Gishirin yana cin tafin ƙafar kare, in ya lashe da yawa kuma ya ɓata masa ciki.

Na uku, abin da kwikwiyo ya gamu da shi tsakanin mako 3 da mako 12 yana daɗewa a ransa. In aka wurga shi cikin dusar ƙanƙara don a yi dariya, zai tashi da tsoro. In aka bar shi ya sunsuna, ya taka a hankali, ana lallashinsa, zai saba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada kuma a ce wahalar banza ce. A shekarar 1925 cutar mashaƙo ta ɓarke a garin Nom na Alaska, irin wadda aka yi fama da ita a Kano a 2023. Ƙanƙara ta rufe teku, jirgin ruwa ba ya iya zuwa. Karnuka masu jan amalanken kan ƙanƙara ne suka kai magani, suna karɓa-karɓa, tafiyar sama da kilomita 1,000 cikin kwana biyar da rabi. Kowane ɗayansu ya taɓa zama kwikwiyon da wani ya koya wa tafiya a kan ƙanƙara.

To, mu ina ruwanmu? Ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu muna zuwa makaranta da rigar sanyi, mun shafa man kaɗanya, duk da haka haƙoranmu na kaɗawa a wajen taron safe. A wannan lokacin ne ake jin kukan 'yan kwikwiyo a kwalbati da bayan katanga. Sabon haihuwa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai ya raɓi uwarsa, idonsa ma ba ya buɗewa sai bayan kwana 10 zuwa 14. Amma abin da yakan samu daga wasu yara shi ne jifa, ko a kori uwar a bar shi yana kuka.

Wani zai ce mutane ma suna kwana da sanyi da yunwa, balle kare. Gaskiya ne, kuma mutum ne a gaba. Sai dai ba mu ce a saya wa kare takalmi ba. Tsohon buhu ko kwali a lungun da iska ba ta bugawa ba ya cin ko sisi. Barin jifa kuwa kyauta ne.

Wani kuma zai ce kare yana cizo. Wannan ma haka ne, ciwon haukan kare yana kisa. Don haka kada mu ɗauki kwikwiyon da ba mu sani ba, kada mu matsa kusa da karya mai shayarwa, mu sanar da malami ko maigadi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya da shi asibiti. Mu tuna kuma, karen da aka tsokana ya fi saurin kai cizo.

Muna kira ga shugabannin ɗalibai su hana jifan dabbobi a harabar makaranta a wannan hunturu. Masu kare a gida su yi masa shimfiɗa, su kai shi allurar rigakafi wajen likitan dabbobi. Wanda ya iya tausayin abin da ba ya magana, ba zai zalunci ɗan aji ɗaya ba.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.