Tsoron Sassaƙar Farko



A Amurka, masu sha'awa kan sayi bindigar Kentucky irin ta da, mai kama da adakar maharbanmu, a wargaje cikin kwali, su harhaɗa da kansu. Sabon shiga hannunsa rawa yake, domin katakon da ya sassaƙe ba ya dawowa. Shi ya sa yakan shafa wa ƙarfen baƙin hayaƙin kyandir, ya danna a katakon, ya kankare inda ya yi tabo kawai.

A ganinmu wannan tsoron alheri ne, yana hana gaggawa. Amma bai hana shi buɗe kwalin ba. To mu da kuskurenmu ke goguwa, me ya hana mu fara babin farko?