Ɗan Kama Ma Malamin Harshe Ne

Duk mai son ƴan kama da ƴan gambara ya saba da kallon raini. Ana ɗaukar sa marar aikin yi, tun da gwanayensa ba sarki suke wasawa ba, tuwo da fura suke yi wa kirari. Wannan hukunci bai dace ba, musamman daga bakin ɗalibin ilimin harshe.

Ɗan kama ba ya ba da dariya sai ya laƙanci abin da yake kwaikwayo. Idan ya ɗauki muryar mai wa'azi, sai ya riƙe jan wasali, da lafazin Larabci, da wuraren tsayawa, sannan ya cusa sunayen abinci a gurbin kalmomin ilimi. Idan waƙar wani makaɗi ya juya, dole kari da amsa-amo su zauna daram, in ba haka ba jama'a su watse. Wato yana rarrabe siga da ma'ana a aikace, abin da ɗalibi ke shan wuya a kansa cikin aji.

Baƙi sun riga ƴan gida gane haka. Tun 1967 C. G. B. Gidley ya wallafa nazari kan kamanci, Graham Furniss ma ya tattauna shi a littafinsa na 1996. A Ingila kuwa, masoya Bonzo Dog Doo-Dah Band, makaɗan barkwanci na shekarun 1960, har yau suna adana fayafayansu.

Ƙasar Dakoro fage ce da ta dace da wannan bincike. Hausawa da Fulani da Buzaye na cuɗanya a kasuwanninta, kuma mai barkwancin da ya kwaikwayi Hausar maƙwabcinsa yana bayyana sautukan da kunnen jama'a ke kamawa. Gaskiya ne kwaikwayo na iya zama izgili, amma al'ada ta yi masa linzami da wasan barkwanci tsakanin al'ummu, wanda UNESCO ta sanya cikin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014.

Yanzu da Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar tun 2025, ya kamata ɗalibai su naɗi muryoyin waɗannan gwanaye, su rubuta su da alamun karin sauti. Fasaharsu a baki take, ranar da ɗan kama ya kwanta dama, da ita ake binne shi.