Ruwan Zabuwa Ba Maganin Kowane Ciki Ba Ne

Duk wanda ya ratsa kasuwar Bwari, ko ya tsaya a tasha a Kubwa ko Dutsen Alhaji, ba zai rasa jin lasifikar masu magani ba. Cikin kayan da suke yi wa kirari akwai alobera, watau 'yar'uwar zabuwar nan ta dajin Arewa, wadda waɗansu ke kira kabar giwa. Matafiya kan yi tsarabarta zuwa Agege da Idi-Araba da Sabo ta Badun, inda masu gadi da masu shayi da 'yan dako ke karɓarta hannu biyu, domin a ganinsu maganin gida ba ya cuta.

Waɗansu masu shanta suna fama ne da wani ciwo da likitoci ke kira IBS, watau rikicewar hanji. Ciki ya riƙa murɗawa yana kumbura, yau gudawa, gobe bayan gida ya ƙi fita, in kuwa aka duba hanjin ba a ganin rauni. Damuwa da rashin barci da cin abinci ba kan ƙa'ida ba suna tayar da shi, ga shi kuwa ita ce rayuwar ɗan ci-rani.

To, ganyen nan kashi biyu ne. Akwai farin tsoka mai yauƙi a tsakiya, wanda ake shafa wa ƙuna. Sa'an nan akwai ruwa rawaya mai ɗaci a ƙarƙashin ɓawo, wanda ke ɗauke da sinadarin aloyin. Wannan shi ne ke tsokanar babban hanji ya sa zawo mai ƙarfi. Mai tallar magani ya kira shi wankin ciki, mai saye kuma ya ji ɗaci ya ce lalle magani ya yi kyau. Amma fa mutumin da ciwonsa dama gudawa ce, me ya ƙara masa? Wanda kuma bayan gida ke yi masa wuya zai sami sauƙin kwana ɗaya, ya biya da murɗawar ciki, in ya daɗe yana sha kuma gishirin fotasiyam ya zube daga jikinsa. Wannan hatsari ne ga mai shan maganin zuciya ko na hawan jini mai sa fitsari. Mai ciwon sukari sukarinsa na iya faɗuwa fiye da kima, mace mai juna biyu kuwa ko kusa kada ta sha.

Ba hasashe ba ne. A shekarar 2002 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa alobera cikin magungunan sassauta ciki da ake saye ba da takardar likita ba, domin masu yin su ba su kawo shaidar rashin illa ba. A 2013 aka fitar da sakamakon wani gwaji na gwamnatin Amurka, inda ɓerayen da aka shayar da ruwan ganyen duka, ba a tace ba, har shekara biyu, suka fito da ƙari a babban hanji. Ɓera ba mutum ba ne, gaskiya ne, amma hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan ruwa cikin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo wa mutum cutar. Game da amfani kuwa, an gwada ta a Landan a kan mutum 58 masu IBS, aka buga sakamako a 2006, ba a ga ta fi maganin wofi da wani abin kirki ba. Waɗansu ƙananan gwaje-gwaje na baya sun nuna ɗan sauƙi na gajeren lokaci, amma da abin da aka sarrafa aka auna, ba ganyen da aka jiƙa a jarka ba.

Babbar hasarar ma ita ce lokaci. Atuni da tsutsar ciki da gyambon hanji duk suna iya kama da wannan ciwo, gwajin bayan gida a asibiti kuwa yana raba waɗansunsu. Wanda ya ga jini a bayan gida, ko yana ramewa, ko ciwon ya fara masa bayan ya haura hamsin, wurin likita ya nufa tun da wuri.

Kada kuma lambar NAFDAC a jikin kwalba ta ruɗi kowa. Lambar maganin gargajiya mai ƙarewa da harafin L ba shaida ba ce cewa yana warkarwa. Ga cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Idu, cikin Abuja, ba nisa da Bwari. Ya kamata sashen lafiya na Ƙaramar Hukumar Bwari ya ɗebo waɗannan kwalabe daga kasuwa ya kai a auna aloyin da ke ciki, a faɗi sakamako da Hausa a rediyo, sarakunan Hausawa na Ikko da Badun kuma su sa a sanar da shi bayan sallar Juma'a.