Jinjina ga Likitocin da Suka Koma Suka Duba Ɗinkinsu

Yabon gwani ya zama dole, ko da gwanin yana ƙasar da yawancinmu ba mu taɓa takawa ba. Jinjinata ta yau ta likitocin tiyatar rage ƙiba ce, musamman Farfesa Ralph Peterli na birnin Basel a Suwizalan da Farfesa Paulina Salminen ta Turku a Finlan, da abokan aikinsu. Abin da ya sa na ɗaga musu hannu shi ne, a daidai lokacin da wata tiyata ke tashe, kasuwarta na ci, sun koma sun bi sawun mutanen da aka yi wa ita, suka ga inda ɗinkin ya ɓaci, suka kuma faɗa a bainar jama'a.

Tiyatar ita ce ta tsuke tumbi, wadda a asibiti ake ce wa silif. Likita zai huda ciki wuri huɗu ko biyar, ya zura kyamara da kayan aiki, ya yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi ya fitar da shi, ya bar siririn bututu daga ƙarshen maƙogwaro zuwa bakin hanji. A farkon shekarun 2000 zangon farko ce kawai na wata babbar tiyata da ake yi wa masu matsananciyar ƙiba. Sai aka lura da yawansu suna ramewa sosai tun kafin a kai ga zango na biyu, daga nan ta tsaya da ƙafarta. Ba ta taɓa hanji, ta fi saurin yi, ta fi sauƙin koyo, kuma ɓangaren da ake cirewa shi ne yake fitar da mafi yawan sinadarin da ke sa jin yunwa. Kafin tsakiyar shekarun 2010 ta wuce tsohuwar tiyatar baifas, mai karkatar da hanyar abinci, a Amurka, yau kuma ita aka fi yi a duniya. Mutane da dama sun rabu da allurar ciwon suga da tulin maganin hawan jini ta dalilinta, wannan ba mai musu.

Sai dai ƙwarnafi ya biyo baya. A watan Janairun 2018 mujallar JAMA ta buga sakamakon binciken da aka yi a Suwizalan kan mutum 217, waɗanda ƙuri'a ce ta raba su gida biyu, wasu silif wasu baifas, aka bi su shekara 5. A wajen rage nauyi tazarar ba ta taka kara ta karya ba. A wajen ƙwarnafi kuwa hanya ta rabu. Cikin waɗanda suka shiga tiyata da ciwon, kashi 60 cikin 100 na masu baifas sun rabu da shi, masu silif kashi 25 kacal. Ya ƙara tsanani ga kusan kashi 32 na masu silif, a ɗaya gefen kuwa kashi 6 ne. Mutanen Finlan, da nasu mutum 240, sun yi haƙuri har shekara 10 kafin suka fitar da wani sakamakon a 2022, bayan sun zura kyamara sun gani da ido: kumburi da saɓulewar maƙogwaro a kashi 31 na masu silif, kashi 7 na masu baifas. Kusan biyu cikin uku na masu silif suna kan maganin rage asid irin su omeprazole.

Wanda ƙwarnafinsa na bayan cin ƙosai ne da yaji, ya sha ɗan jiƙon kanwa ya wuce, ba zai gane abin da ake nufi ba. Wannan shi ne irin wanda mutum zai farka tsakar dare da ruwa mai tsami ya cika masa baki, ya shaƙe, ya kama tari har hawaye. Ya tara matashin kai uku yana barci kusan a zaune. Da safe murya ta dushe. In ya ci abincin dare kafin sallar isha'i, ruku'u da sujada su zama abin fargaba, domin da ya sunkuya abin zai taso. Ga shi ya rame, kowa na cewa ai ka samu lafiya, shi kuwa ya san abin da yake kwana da shi.

Dalilin a fili yake in aka dubi ginin wurin. Tumbin da Allah ya halitta kamar salka yake, ana zuba masa yana buɗewa, saman nan nasa mai faɗi shi ke karɓar abinci ba tare da matsi ya taru ba. Silif ta cire wannan saman. Abin da ya rage bututu ne maras miƙewa, ƙofarsa ta ƙasa na nan da ƙarfinta, saboda haka in matsi ya taru sai ya nemi mafita ta sama. Zoben tsokar da ke gadin ƙasan maƙogwaro kuma yakan yi rauni, don yankan yana bi ta kusa da zaruruwan da ke riƙe da shi, kwanar da maƙogwaro ke yi kafin ya shiga tumbi ita ma ta miƙe. Wani lokaci saman bututun yakan zame ya haura ƙirji ta ramin da ke jikin tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Wani lokaci kuma bututun ne ya tsuke ko ya murɗe a tsakiya. Kowanne cikin waɗannan ya isa ya hana mutum barci, balle su haɗu.

Akwai abin da ya fi zafin ƙirjin tayar da hankali. In asid da ruwan maɗaciya suka daɗe suna wanke ƙasan maƙogwaro, fatar wurin takan sauya, abin da ake kira cutar Barrett, kuma a wasu 'yan kaɗan ita ce kan zama matakin farko na kansar maƙogwaro. A 2017 Alfredo Genco da abokan aikinsa a Roma sun duba mutum 110 da aka yi wa silif, suka sami wannan sauyi a kashi 17 cikin 100, kuma tsananin abin da kyamara ta gani bai tafi daidai da tsananin kukan majinyaci ba. A binciken Finlan kashi 4 aka samu a kowane ɓangare. Alƙaluman sun saɓa, amma ko da ƙaramin ne gaskiya, darasin ɗaya ne: rashin jin zafi ba shaidar lafiyar maƙogwaro ba ne.

Ga mai ƙwarnafin da ya gagari magani, tsohuwar dabara ita ce ta Rudolf Nissen tun shekarun 1950, a naɗe saman tumbi a kewayen ƙasan maƙogwaro. Mai silif ba shi da saman da za a naɗa, an riga an cire. Nan ne likitocin suka koma ga abin da suka gada. César Roux, wani likitan birnin Lozan, shi ya tsara haɗin hanji mai reshe biyu a ƙarshen ƙarni na 19. Edward Mason na Jami'ar Iowa ya fara baifas don rage ƙiba a tsakiyar shekarun 1960, sannan a 1994 Alan Wittgrove ya buga yadda ya yi ta ta hanyar huji da kyamara. Mayar da silif baifas haɗa waɗannan ne: a datse saman bututun a bar 'yar jaka da ba ta wuce cin mililita 30 ba, a yanke ƙaramin hanji a jawo reshen ƙasa a ɗinka shi da jakar, reshen da ke ɗauke da ruwan maɗaciya kuma a haɗa shi can ƙasa, tazarar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In ramin tantanin nan ya buɗe, a tsuke shi a lokaci guda. 'Yar jakar ba ta yin asid mai yawa, ba ta tara matsi, ruwan maɗaciya kuma ya yi nisa da maƙogwaro. Mafi yawan waɗanda aka yi wa suna samun sauƙi, da dama su ajiye magani.

Sannunku da aiki, likitoci. Ba ƙaramin abu ba ne mai sana'a ya buga aibin hajar da ta fi kawo masa ciniki. Kuma ba ku tsaya nan ba: a 2020 ƙungiyarku ta duniya, IFSO, ta ba da shawarar a riƙa duba mai silif da kyamara bayan shekara 1, sannan duk bayan shekara 2 zuwa 3, a 2021 kuma takwararta ta Amurka, ASMBS, ta ce a duba shi bayan shekara 3 ko da bai yi kukan komai ba.

To amma da sauran rina a kaba, kuma babban ɓangarensa tun kafin a ɗauki wuƙar farko ne. Tunda an san silif na iya ta da ƙwarnafi, wanda ya zo da ciwon mai tsanani, ko aka ga tumbinsa ya riga ya haura ƙirji sosai, ko aka sami Barrett, ya cancanci a zaunar da shi a gaya masa cewa baifas ce ta fi dacewa da shi, ko da ta fi wuya, ko da likitan da ke gabansa silif ya fi ƙwarewa a kai. In bai iya ba, ya tura shi wurin wanda ya iya. Tiyata ta biyu ta fi ta farko haɗari, domin ana aiki ne a kan tabo da mannewar nama. Duk wadda aka kauce wa tun farko riba ce.

Haka kuma ba kowane zafin ƙirji ne ake yi wa yanka ba. Kafin a yanke shawara sai an zura kyamara, an sa mutum ya haɗiyi farin ruwan nan da ke fitowa a hoto don a ga siffar bututun, in da hali a auna ƙarfin motsin maƙogwaro da yawan asid na awa 24. Wani magani da rage cin dare sun ishe shi. Wani gyaran ramin tantani kawai yake bukata. A kuma fayyace wace baifas ake nufi, domin akwai mai haɗi ɗaya, wadda ta fi saurin yi amma tana iya barin ruwan maɗaciya ya taso. Ga mai gudun ƙwarnafi, mai reshe biyu ce aka fi amincewa da ita.

Ita ma baifas ɗin ba kyauta ba ce, kuma binciken Suwizalan bai ɓoye ba: kashi 22 na masu baifas sun sake komawa hannun likita don wani gyara cikin shekara 5, masu silif kashi 16. Wasu ba sa rabuwa da omeprazole ko bayan juyin. Jiki yana rage tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam da bitamin B12, don haka ƙwayoyin ƙari da gwajin jini sun zama na har abada. Mace ana so ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Gyambo na iya fitowa a bakin ɗinkin, kuma manyan masu jawo shi su ne taba da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Masu hali daga cikinmu suna zuwa Masar da Indiya da Turkiyya a yi musu irin wannan aiki, su yi 'yan kwanaki su dawo. Likitan da ya yi yankan yana can, majinyacin yana nan, a garin da in baya ya riƙe sai a aiki yaro kemis ya karɓo haɗi, ba wanda ya san me ke cikin ƙullin. Ƙwarnafi ya taso a ce olsa ce, a yi shekaru ana shan magani ba a taɓa leƙa maƙogwaron ba. Mai baifas kuma ya zo buɗa-baki ya ɗaga kofin kunu mai sukari da lemon kwalba, kafin rabin awa gumi ya karyo masa, zuciya na bugawa, jiri na ɗibarsa, saboda zaƙin ya faɗa hanji kai tsaye. Shi kansa azumin, musamman a watannin farko, magana ce da ya kamata a yi da likita tun kafin watan ya kama. Asibitin da ya karɓi kuɗin mutumin da ya san zai koma wata ƙasa, haƙƙinsa ne ya gaya masa waɗannan abubuwa da harshen da yake ji, ya kuma haɗa shi da likitan da zai ci gaba da dubansa a gida.

Likitocinmu na gida ma da nasu kason. Bayan baifas hanji na iya kutsawa ta wani gibi da tiyatar ta bari ya murɗe, ko da bayan shekaru, kuma in aka yi jinkiri hanjin na iya mutuwa. Wanda ya zo ɗakin gaggawa a Kano ko Damagaram yana murƙususu, da 'yan tabon huji a cikinsa, a tambaye shi wace tiyata aka yi masa kafin a rubuta masa maganin olsa a sallame shi. Sau da yawa ba zai iya amsawa dalla-dalla ba, shi ya sa takardar bayanin tiyata take da muhimmanci: wace iri aka yi, tsawon reshen hanjin nawa ne, an rufe gibin ko ba a rufe ba, an gyara ramin tantani ko a'a, yaushe ne duban kyamara na gaba. A rubuta ta da Ingilishi ko Faransanci yadda likitan gida zai karanta, a damƙa wa majinyaci kafin ya hau jirgi.