TBS ɗin da ake karanto muna, mi yake nufi?

Duk lokacin komawa lakwal muna jin ana cewa "TBS ya hau" a rediyo ko wajen taron COGES, mu kuma sai tafi. To tsakani da Allah, mu nawa munka san abin da munka tafa wa?

Haruffan daga Faransanci suke: taux brut de scolarisation. Ana ƙirga duk yaran da sunansu ke cikin rajistar firamare, daga CI har CM2, komi shekarunsu, a raba da yawan yara masu shekara 7 zuwa 12, a ninka da 100. Matsalar tana ga harafin tsakiya, B. Yana nufin ba a tace ba. Ƙato mai shekara 15 da ke ta maimaita aji, shi ma an ƙirga shi.

A ce gari na da yara 200 masu shekara 7 zuwa 12, lakwal na da ɗalibai 160, amma 40 cikinsu sun wuce shekarun. TBS zai ce 80 cikin ɗari. Ƙanensa TNS, wanda ke ƙirga masu shekarun kaɗai, zai ce 60. Ke nan yara 80 ne ke gida, ko kiwo, ko talla, ba 40 ba. Kun ga ratar?

Ga kuma na ƙasan layi. Yawan yaran nan hasashe ne da INS ke ɗorawa bisa ƙidayar 2012. Tun wannan lokaci rashin tsaro ya sa an rufe lakwal da dama a jahar Tilaberi, iyalai sun bar garuruwansu. Yaron da iyayensa sunka gudo Filinge daga wajen Abala ko Sanam, in anka rubuta shi nan, yana ƙara na sama, na ƙasa bai motsa ba. Sai alƙaluma su yi kyau alhali yara na zaune ƙasa cikin rumfar zana.

Ra'ayinmu, duk jami'in da zai karanto wagga kalma gaban iyaye, a Filinge ne ko Cikal ko Bonkuku, ya fassara ta da Hausa da Zabarmanci da Buzanci, kuma ya kawo TNS tare da ita. In bai kawo ba, mu ɗaga hannu mu tambaye shi yara nawa ne ba su cikin aji.