Idan Jirgi Ya Tsaya A Garin Tsohon Abokinka

A darasin labarin ƙasa na wannan zango mun karanta labarin wata irin tafiya wadda ba a san ta sosai ba a ƙasarmu, watau yawon shaƙatawa a jirgin ruwa. Mutum yakan biya kuɗi ya shiga jirgi, ba domin yana da wata harka a wani gari ba, sai dai don ya huta ya ga duniya. Jirgin yakan yi tafiya da dare, gari na wayewa ya tsaya a wata tasha. Fasinjoji su sauka su yini a gari, da yamma su koma, kashegari kuma su farka a wata ƙasa dabam. Jiragen nan ba ƙanana ba ne. Akwai wani mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga birnin Miyami na Amurka a watan Janairu 2024. Tsawonsa ya kai mita 365, kuma yana iya ɗaukar fasinjoji 7,600, ban da ma'aikata. Da za a kwashe makarantarmu duka, da malamai da masu dafa abinci da masu gadi, a zuba a ciki, ko kusa ba zai cika ba.

To, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ga tambayar da nake so mu duba. Jirgi ya tsaya na awa 8 ko 9 a wani birni da ba ka taɓa zuwa ba, mai yiwuwa kuma ba za ka sake zuwa ba har ƙarshen ranka. A birnin akwai gine-ginen tarihi waɗanda ka daɗe kana ganin hotonsu a littafi. A birnin nan kuma akwai wani tsohon abokinka da kuka yi makaranta tare, shekara 20 ko 30 rabonka da shi. Wa za ka ba yinin nan, birni ko aboki? Ni dai a ganina aboki ne ya cancanta. Amma da muka yi gardamar a aji, da yawa ba su yarda da ni ba, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne.

Hujjarsu ta farko ita ce kuɗi. Suka ce mutum ya tara kuɗinsa shekara da shekaru don ya ga duniya, yaya za a ce ya je ya zauna a ɗakin shan shayi yana hirar zamanin da? Amsata gajeriya ce. Gini yana jira, mutum ba ya jira. Babbar majami'ar nan ta Basalona da ake kira Sagrada Familia an fara gininta tun 1882, aka shafe fiye da shekara 140 ana aikinta. Wanda bai gan ta bana ba, idan ya dawo bayan shekara goma zai same ta a inda take. Amma mutum ɗan shekara 55 wanda ya ce zai ga abokinsa wani jiƙon, da wa ya yi alkawarin wani jiƙon?

Hujja ta biyu ita ce ta waya. Suka ce yanzu ai nisa ya ƙare, tun da ana iya kiran mutum ta WhatsApp a ga fuskarsa ko yana bangon duniya. Gaskiya ne, ana iyawa. Amma ku duba ku gani, sau nawa ake yi? Ina ganin wayar mahaifina idan na je hutu. Suna da zauren tsofaffin 'yan ajinsu, kullum cike yake da barka da Juma'a da hotunan furanni da sanarwar rasuwa. Kowa yana ganin sunan kowa, ba wanda ya san halin da kowa yake ciki. Sauƙin kiran ma shi ne yake sa a yi ta ɗaga shi zuwa gobe. Mutanen da ba su yi kuskure ba da suka ce zumunta a ƙafa take.

Kakana na wajen uwa ya san wannan tun kafin a haifi iyayenmu. Sa'ad da aka tura shi karatu Ingila, jirgin ƙasa ya shiga daga Kano zuwa Ikko, sa'an nan ya shiga jirgin ruwa a Apapa. Jirgin shi ne Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda ya yi jigila tsakanin Afirka ta Yamma da Ingila daga 1951 zuwa 1974. Ba jirgin shaƙatawa ba ne irin na yanzu, na fasinja ne da wasiƙu, amma shi ma yakan tsaya a hanya, a Gana da Firitawun ta Saliyo da Las Palmas, kafin ya isa Libaful cikin kamar mako biyu. A lokacin wani abokinsa da suka kwana ɗaki ɗaya a makaranta yana karatu a kwalejin Fourah Bay ta Firitawun, wadda aka kafa tun 1827. Kakana ya rubuta masa wasiƙa tun makonni kafin tafiya, ya gaya masa sunan jirgi da ranar isowa. Bai sami amsa ba har ya bar gida, saboda haka bai san ko wasiƙar ta isa ba. Ya ce da jirgi ya matso gaɓa sai ya hango wani siririn mutum cikin taron jama'a sanye da hula zanna, yana ɗaga hannu biyu. Awa kaɗan suka yi tare. Suka ci shinkafa, suka yi ta dariyar wani malaminsu na lissafi, abokin ya ba shi rigar sanyi domin ya ji an ce Ingila ba a wasa da ita. Kakana ya zauna Ingila shekara uku, ya ga fadar sarauniya, ya ga kogin Tems. Amma idan aka tambaye shi labarin tafiyar, daga Firitawun yake farawa.

Hujja ta uku ita ce mai ƙarfi, kuma ita ce ta sa na yi tunani ƙwarai. Jirgin ruwa ba motar kasuwa ba ne da za a ce wa direba ya ɗan dakata, ga wani can yana zuwa. Kowace tasha an ba jirgi lokacin shiga da na fita, wata tashar kuma tana jiransa da safe. Yawanci akan ce fasinjoji su dawo kamar rabin awa kafin tashi. Idan mutum ya bi yawon da kamfanin jirgi ya shirya, motarsu ta makara, jirgi yakan jira su. Idan kuwa shi kaɗai ya fita ya makara, ba dole ba ne a jira shi, kuma da kuɗin aljihunsa zai bi jirgin zuwa tasha ta gaba. Wannan ba tatsuniya ba ce. A watan Maris 2024 jirgin Norwegian Dawn, wanda ya taso daga Kef Tawun zai tafi Basalona, ya tsaya a tsibirin Sao Tome, nan kudu da mu cikin teku. Fasinjoji 8, Amurkawa da 'yan Ostareliya, suka fita yawo da wani ɗan jagora na kansu, suka dawo a makare, jirgi ya tafi ya bar su. Suka yi ta fama da jiragen sama da motoci har suka isa Banjul ta Gambiya, can kuma jirgin bai sami damar tsayawa ba. Sai a Dakar ta Senigal suka cim masa, bayan kusan mako guda.

Abokan gardamata suka ce to ka gani. Na gani, amma ban ga abin da suke so in gani ba. Mutanen nan ba ziyarar aboki suka je ba, kallon gari suka je, watau abin da su 'yan ajinmu suke goyon baya. Abin da labarin yake nunawa shi ne haɗarin yin nisa da jirgi. Saboda haka maganar ta koma kan wanda ya kamata ya yi tattaki, kuma a nan ba ni da shakka: mazaunin gari ne zai zo wurin baƙo. Shi ya san hanya, shi ya san lokacin cunkoson motoci, shi ne kuma idan ya makara a gadonsa zai kwana.

Wannan yana da muhimmanci domin sunan da ake rubutawa a takardar tafiya yakan ruɗi mutum. Za a rubuta cewa jirgi zai tsaya a Rum, alhali kuwa Rum ba ta bakin teku. A wani gari ake tsayawa mai suna Civitavecchia, kamar kilomita 80 daga birnin, tafiyar fiye da awa guda a jirgin ƙasa. Zuwa da dawowa sun cinye kusan awa uku. A wasu wuraren kuma, kamar Sao Tome ɗin, babban jirgi ba ya matsowa gaɓa. Can nesa yake tsayawa, a riƙa fiton mutane da ƙananan jirage, kowa ya bi layi. Awa 8 da aka rubuta, in aka cire wannan da wancan, da ƙyar a sami 5.

Wani zai ce me zai hana abokin ya shigo jirgi su ci abinci tare a ciki? A zamanin su kakana wannan ba abu ne mai wuya ba. Yanzu kam ya yi wuya. Bayan harin da aka kai Amurka ran 11 ga Satumba 2001, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta duniya ta fito da sababbin dokokin tsaro, suka fara aiki ran 1 ga Yuli 2004. Tun daga nan tashoshi suka zama masu shinge da masu gadi, wanda ba ya cikin lissafin jirgi ba ya wuce ƙofa sai da izni na musamman da aka nema tun da wuri. Dole a bakin ƙofa za a haɗu.

A nan ne nake jin tsoron halinmu na Hausawa, mu da muke alfahari da karrama baƙo. Mu a wurinmu baƙo ba ya tafiya sai ya je gida, ya gaisa da iyali, an kawo ruwa, an kawo fura, an ce tuwo ya kusa sauka. In ya miƙe a ce haba, tun yanzu? In ya kai zaure a tuna akwai maƙwabcin da bai gaisa da shi ba. Wannan kyakkyawan hali ne idan baƙo da ƙafarsa ko da motarsa ya zo. Ga baƙon jirgi kuwa cuta ce. Mai masaukin da yake ƙaunar abokinsa shi ne zai riƙa duba agogo a madadinsa, ya ce masa, "Tashi mu tafi, mutumina, hirar nan ba ta ƙarewa," ko da shi kansa bai ƙoshi ba. In yana so iyalinsa su ga baƙon, ya ɗebo su ya kawo su bakin tasha.

Akwai kuma wata hujja da ba wanda ya faɗa a aji, amma ina jin ita ce take hana manya da yawa. Tsoro ne. Shekara 30 ba kwana 30 ba ne. Wataƙila ɗaya ya zama babban likita, ga shi ya sauko daga jirgi mai hawa 20, ɗayan kuwa dako yake yi a kasuwar birnin, ba ya so a ga ɗakin da yake kwana. Wataƙila su zauna su rasa abin faɗa bayan gaisuwa. To, a nan ƙarancin lokacin ya zama alheri. Ba wanda zai kwana gidan wani, ba wanda zai ga asirin tukunyar wani. In hira ta yi daɗi, a rabu ana marmari. In ta yi tsami, jirgi ya raba ba tare da an ɓata wa kowa ba. Mu 'yan makarantar kwana mun fi kowa sanin darajar irin wannan gajeren zama. Ranar ziyara awa nawa ce? Amma abin da uwa take gaya wa ɗanta a gindin bishiya kafin a kaɗa ƙararrawa ya fi zama a kansa bisa ga abin da ta faɗa masa cikin dogon hutu duka.

Abu guda na yarda da shi daga wajen abokan gardamata. Idan mutum da iyalinsa ya zo, su ma hutunsu ne, kuma ba su san abokin ba. Bai kamata a zaunar da yara awa biyar suna sauraron labarin wani malamin lissafi da ya rasu tun ba a haife su ba. A bar su su bi motar kamfani su ga gari, ko kuwa abokin ya zama ɗan jagora, a yi hira ana tafiya. Mazaunin gari ya fi ɗan jagoran haya sanin inda ake sayar da abinci mai kyau da araha.

Na san yawancinmu ba za mu shiga irin wannan jirgi ba. Amma nan da shekara biyu za mu ɗaure akwatunanmu mu watse, wani jami'a, wani soja, wani kasuwa, wani ƙasar waje. Wanda yau kuke cin gari da ƙuli-ƙuli a kwano ɗaya, wata rana aiki zai bi da kai ta garinsu na awa uku kawai, a mota ko a jirgin sama, kuma tambayar nan ce za ta taso.

Ga wanda Allah ya ba ikon shiga jirgin kuwa, ya sanar da abokinsa tun da wuri, domin jirgi yakan iso ranar aiki, shi kuma sai ya nemi izni a wurin aikinsa. Su zaɓi wurin zama inda za su iya hango jirgin, ko wanda za a iya takawa da ƙafa daga nan zuwa tasha. Ya riƙe lambar wakilin jirgi na wannan tasha, wadda akan buga a takardar da ake raba wa fasinjoji kullum. Ya kuma tambaya tun kafin ya sauka ko agogon jirgi ya yi daidai da na gari, gama ba kullum suke daidai ba. Las Palmas da Basalona duk ƙasa ɗaya ce, amma awa guda ce tsakanin agogonsu, kuma kyaftin da nasa agogon yake aiki.